Toka a Goshi, Shanu a Wuya

Ranar Laraba 5 ga Maris 2025 na kashe injin niƙa da ƙarfe biyar na yamma, da sauran bokiti uku na wake a layi. Musulmi suna kwana na biyar da ɗaukar azumi, kowace mace tana sauri ta je ta soya ƙosai kafin a sha ruwa. Na ba su haƙuri, na tura su wurin mai injin bayan layi, na ce yau Larabar Toka ce, ranar da azuminmu na Katolika yake farawa, coci za ni. Mu biyu muka tafi, ni da ɗan yayana, yaro ɗan shekara 17 da ya taho Zariya daga ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi a watan Janairu yana taya ni aiki.

Tokar da ake shafa mana ta ganyen dabinon bara ce, wanda muka riƙe ranar Lahadin Dabino, mako guda kafin Ista. Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, kan sa a tattaro shi daga gidaje, a ƙone, Fada ya sa albarka ya yayyafa ruwa mai tsarki. Aka karanta Annabi Yowel, inda yake cewa zuciya ake so a kece, ba riga ba. Aka rera Zabura 51. Duk shekara haka ake karantawa, duk shekara kuma nakan ji su ta kunnen dama su fice ta hagu. Muka shiga layi, yaron yana gabana. Fada ya dangwala babban yatsa a toka, ya zana masa gicciye, ya ce ya tuna shi turɓaya ne, turɓaya kuma zai koma. Da yaron ya juyo, sai na ga goshin ubansa. Faɗinsa, da 'yar jijiyar nan da ke tasowa a tsakiya idan ya ɗaure fuska. Da layi ya zo kaina sai da na bayana ya taɓa ni kafin na matsa.

Yayana ya rasu a ƙarshen 2019, bayan an gama kaka. Ya bar mata da yara biyar, da gona, da shanun huɗa guda biyu, bijimai farare da ya yi shekara yana koya musu karkiya. Da yake ni ne na birni, ni aka ce in sayar da su a biya bashin asibiti da hidimar jana'iza. Na sayar naira 290,000. Bashi da hidima suka ci 90,000. Na miƙa wa matarsa 40,000 a gaban dangi, na ce abin da ya saura ke nan, asibiti ya cinye sauran. Da 160,000 ɗin da na noƙe na sayi injin da nake ci da shi har yau. A lokacin na gaya wa kaina aro ne, idan inji ya kawo zan mayar. Inji ya kawo, har babur na saya, ban mayar da ko sisi ba.

Ba wai na daina zuwa coci ba. Ina zuwa, ina ba da baiko, har an taɓa sa ni ma'ajin ƙungiyar maza, abin dariya. Dokar Ikkilisiya ta ce Katolika ya je ikirari, wato ya faɗi zunubansa a gaban Fada, aƙalla sau ɗaya a shekara, ni ma ina zuwa gab da Ista, in durƙusa in lissafa ƙananan abubuwa: na zagi mai kawo dizal, na sha burkutu ya wuce kima, na yi fashin Lahadi biyu. Shanu kuwa in tsallake su kamar yadda ake tsallake kwata. Tun muna ajin katikisma aka koya mana cewa wanda ya ɓoye babban zunubi da gangan, ikirarinsa bai yi ba, ya ma ƙara wani a kai. Na sani sarai. Daga baya sai na daina tashi karɓar Jibi, gurasar nan mai tsarki da ake karɓa a coci, in zauna a benci in sunkuyar da kai kamar mai zurfin addu'a.

Azuminmu kwana 40 ne, ko da yake idan ka ƙirga daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista za ka sami 46, don Lahadi shida ba sa cikin lissafi. Abin da doka ta ɗora ba shi da yawa: Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau (ranar tunawa da gicciye Yesu), mai shekara 18 zuwa 59 ya ci cikakken abinci sau ɗaya tak, da ɗan abin taɓawa sau biyu da ba su kai ƙoshi ba, ranakun Juma'a kuma a bar nama. Sauran an bar wa mutum da zuciyarsa. Ni kuwa bana sai na ɗauko da zafi. Na ce ba ci sai shida na yamma kullum ban da Lahadi, ba nama, ba giya, ba sukari a shayi. Yanzu da nake waiwaye na gane ciniki nake yi da Allah: ga yunwa, ka bar mini shanu.

Alhajin da shagonsa ke jikin nawa ya sa ni gaba da tsiya. Yakan leƙo da azahar ya gan ni da ledar ruwa a baki, ya ce, "Maƙwabci, wannan azumi naku da ake kurɓa ruwa, ai ko jaririn goye ya ɗauka." In ce masa, "Alhaji, naku talatin ne ko ashirin da tara, namu arba'in, a bar kaza cikin gashinta." Wata rana yana mitar wani da ya ci masa bashin buhun sukari biyu, ga shi kullum a sahun gaba wurin tafsiri. Ya ce, "Ya yi ta kwana a masallaci. Haƙƙin wani ba ya narkewa da yunwa." Da mutuminsa yake, bai san komai game da ni ba. Na koma na tayar da inji ba tare da kowa ya kawo niƙa ba, don dai ƙara ta cika mini kunne.

Duk Juma'a da yamma muna Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da wahalar Yesu mai tasha 14, a durƙusa a tashi, Fada sanye da shunayya, ba Halleluya a bakin kowa har sai Ista. Muna dawowa daga ta biyu ne, a ƙafa, na tambayi yaron abin da ya sa dawarsu ba ta yi kyau bara ba. Ya ce, "Baba, ai kullum mu ne na ƙarshe. Mai shanu sai ya gama tasa gonar, ya yi wa masu biya nan take, sannan ya zo kanmu. Kafin a yi mana huɗa, na wasu ya kai gwiwa." Ba da wata manufa ya faɗa ba, labari kawai yake ba ni. Ya ƙara da cewa shi ya sa ya bar makaranta a aji huɗu na sakandare, don kuɗin hayar huɗa da na taki ba sa barin komai. Damina biyar ke nan. Na yi lissafinsu a daren nan, ɗaya bayan ɗaya, ina kwance ina kallon silin.

Sai da na ƙara mako biyu ina jan ƙafa. Ranar Asabar 29 ga Maris, gari ya cika da hidimar jajibirin Sallah, na hau babur na tafi wata coci can wani gefen gari, inda Fada bai san muryata ba. Wannan ma wata ƙaramar rashin kunya ce, amma ita ta kai ni. Mutum bakwai ne a gabana. Sau biyu ina barin na bayana ya wuce.

Na durƙusa na ce, "Ka sa mini albarka, Fada, na yi zunubi." Sai na fara da burkutu, yadda na saba. Na tsaya. Ya yi shiru, bai ce "sai me" ba, bai yi gyaran murya ba. Shirun nan ne ya fi ƙarfina. Na ce, "Na ci dukiyar marayu." Daga nan sauran ya zubo, har da shekarun da na yi ina ɓoyewa a wannan durƙuson. Shi Fada bakinsa a ɗaure yake har kabari kan abin da ya ji, amma ni mai ikirari ina da damar faɗin nawa, shi ya sa nake rubutawa.

Na zaci faɗa zai yi. Tambayoyi ya yi, irin na mai awo. Nawa ne? Matar tana da rai? Yaran nawa, suna ina? Ina da halin biya? Na ce ina da shi, idan na matsa. Ya ce, "To ɗana, gafarar Allah ba sayarwa ake yi ba, yanzu zan ba ka ita idan ka yi niyyar gyarawa. Amma kayan mutane sai sun koma hannun masu su. Ikkilisiya ba ta ce ka je kasuwa ka yi shelar kanka ba, kana iya mayarwa ta hanyar da ba za a san kai ne ba. Mayarwar ce ba makawa." Ya ba ni aikin tuba: Zabura 51 kowace safiya har Ista, in kuma karanta labarin Zakka mai karɓar haraji a Luka sura 19. Ya ɗaga hannu ya yi addu'ar gafara. Mutane kan ce sun fito ikirari sakayau kamar an sauke musu dutse. Ni dai na fito da ciwon ciki, don yanzu abin ya tashi daga tsakanina da Allah ya koma tsakanina da wata mace da ke zaune a ƙauye.

Kalmar nan ta "ba za a san kai ne ba" ita na riƙe gam. Kafin in iso gida na gama tsara komai: in haɗa 160,000, in aika mata a ce gudummawar Ista ce daga ƙanin miji. Da dare na zaunar da matata na gaya mata duka, karo na farko. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana ta murza bakin zaninta. Sannan ta ce, "Baban yara, wato ka ba ta nata, ta kuma durƙusa ta yi maka godiya? Ta sa yara su yi ta sa maka albarka?" Na ce Fada ne ya ce ya halatta. Ta ce, "Fada bai san za ka karɓi godiya a kai ba." Ban sami amsa ba. Har yau ina ganin akwai wanda hanyar ɓoye ita ce daidai gare shi, wanda tonuwar zai rusa gida ko ta jawo jini. Tawa ba haka ba ce, kunya ce kawai nake gudu.

Washegari Lahadi, ranar Sallah, maƙwabta suka yi ta aiko da tuwo da miyar taushe da cincin. A coci kuma Bisharar ranar ita ce ta ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya je ya lalatar. Abin da ya tsaya mini a wannan karon, yadda ya shirya maganar da zai faɗa wa ubansa tun yana can wurin aladu. Ni ma haka na yi ranar Asabar 5 ga Afrilu, a motar haya, daga Zariya zuwa Giwa, zuwa Funtuwa, har Malumfashi, ina ta gyara jimla ɗaya a raina. Da sassafe na fita don hanyar nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta.

Wurin Baffa na fara sauka, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan yanzu. Na cire hula na zauna a ƙasa, na faɗi jimlar tawa, ta fito a karkace. Yana sassaƙa ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Mun sani." Dillalin da ya sayar mini da shanun ya faɗi kuɗinsu a wurin mai shayi tun satin bai zagayo ba. Kowa ya sani: Baffa, katikis, matan zumunta, ita kanta. Shekara biyar ina zuwa Kirsimeti da shadda mai maiƙo da buhun shinkafa rabi, ana yi mini sannu da zuwa, ashe kallona kawai ake yi. Na ce, "Baffa, me ya hana ku yi magana?" Ya ce, "Ita ta hana. Ta ce kada a raba 'ya'yanta da ɗan'uwan ubansu a kan dabba."

A al'adarmu matar wa abokiyar wasa ce. Da can ba na shiga gidan ba ta tare ni da tsiya ba, "ga mijina na birni, me ka kawo mini," ni kuma in ce tuwonta ya yi gudaji. Tun bayan rasuwar ta koma kirana Malam. Na ɗauka takaba ce ta canza ta.

Mun same ta tana ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida. Baffa ya zauna a turmi, ni na durƙusa. Na ce, "Yaya, na zo neman gafara. Kuɗin shanu ba asibiti ne ya cinye ba, ni ne." Na ajiye baƙar leda a gabanta, 160,000 cif, kuɗin da na tara a niƙan Ramadan. Ba ta daina ɓara ba. Ta kalli ledar kamar an ajiye mata dutse, ta ce, "Malam, mijina bai bar kuɗi ba. Shanu ya bari."

Nan fa tubana ya nemi tsayawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina durƙushe ina tafasa. Na ce a zuciyata, ni na karya naira? Ni na cire tallafin mai a 2023 da komai ya yi tashin gwauron zabo? Abin da na ɗauka shi na kawo, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Amma ko a lokacin na san ƙarya nake yi wa kaina, don injin da na saya da kuɗin, da za a ce in sayar a farashin 2019, sai inda ƙarfina ya ƙare. Kuɗin da a da ya fi bijimi guda, yau ko ɗan maraƙin kirki da kyar.

Baffa ne ya yanke. Ya yi lissafi da tsinke a ƙasa: cikin 290, 90 halal ne, 40 ta karɓa, 160 ya ɗan haura bijimi ɗaya. Don haka in kawo bijimi ɗaya da ya san karkiya kafin ruwa ya sauka, su haɗa da na maƙwabci su riƙa huɗa tare. Ɗoriyar da kuma hayar damina biyar, in kawo ɗan maraƙi bayan kaka, yara su yi kiwonsa. Ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ce abin da Baffa ya ce shi ke nan. Na ce, "Yaya, kin yafe mini?" Ta ce, "Ni na daɗe da bar wa Allah. Ka tashi, gwiwarka za ta yi ciwo." Ban san ko wannan yafewa ce ba. Ta dai sa aka kawo mini fura, ta kuma tura mini ledata da ƙafar tire.

Na sayar da babur 380,000. Matata ta kawo kwasan adashinta 120,000, ba tare da na roƙa ba, ta ce bashi ne, ta kuma rubuta a bayan kalanda. Ranar Talatar Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista, na koma, muka shiga kara da Baffa, shi yake duba haƙori da kofato, yana sa a ja dabbar ya ga tafiyarta. Muka tsaya a kan wani fari mai ɗigon baƙi a wuya, 655,000 har da la'ada. A mota ina dawowa na buga lissafi sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, da na karanta na ce wannan sai masu kuɗin Yariko, garinsu. Ga shi na biya ninki huɗu da 'yan kai, ba don yawan imani ba, kasuwa ce ta murɗe mini hannu.

Wanda ya fi mini wuya shi ne yaron. Shi kaɗai ne bai sani ba, uwarsa ta rufe masa. Ranar Lahadin Dabino da yamma, sabon ganyen yana soke a jikin tagar shago, na zaunar da shi a kan buhu na gaya masa. Ya kalli injin, ya kalle ni. Ya ce, "Wannan ɗin?" Na ce shi. Wata uku yana share shi, yana zuba masa mai, yana ɗaure bel. Ya tashi ya fita bai ce uffan ba. Kwana uku yana kwana wurin wani abokinsa mai faci. Ranar Alhamis da safe na zo na tarar ya buɗe shago yana shara. Ya gaishe ni, na amsa, aka kawo masara muka hau aiki. Har yau bai tayar da maganar ba, dariyarsa kuma ba ta dawo yadda take ba. Na ce masa idan yana son komawa makaranta a watan Satumba, ni zan biya. Ya ce zai yi tunani.

A daren Alhamis ɗin, bayan Fada ya wanke ƙafafun mutum 12, na tashi na shiga layin Jibi. Tun ranar ikirari aka ce mini ina iya karɓa, ƙafata ce ta ƙi sai da igiyar bijimi ta shiga hannun mai ita. Juma'a muka zagaya unguwa da gicciye cikin zafin Afrilu, kwalta tana cin gwiwa. Asabar da dare aka hura wuta a harabar coci, aka kunna babban kyandir, aka ɓarke da Halleluyar da aka yi mako shida ba a ji ba, matan zumunta suna ta guɗa.

Ranar Litinin 21 ga wata ina shago, rediyo ya faɗi rasuwar Fafaroma Francis. Muna cikin jimamin haka da Alhaji, wanda ya leƙo yi mini ta'aziyya, sai wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ita ce, ta ari wayar katikis. Ta gaishe ni da Ista, ta tambayi yara. Ta ce bijimin a cikin gida yake kwana saboda ɓarayin shanu, ƙofar ɗakinta ma aka ɗaure shi. Sai ta ce, "Amma wannan dabba taka ci gare shi kamar mai shi. Ya gama da harawar da na ajiye, yanzu zanina yake nema." Na buɗe baki in rama, in ce ai tuwonta ne ya ƙi ci shi ya sa. Ta riga ni: "Kada dai ka manta da maraƙi." Kafin in amsa, katin katikis ya ƙare.